Ƙuri'ar talaka da rawanin sarki

Daga Madarunfa zuwa cikin garin Maraɗi, duk lokacin da aka kammala zaɓe, kalmar da ke saurin tashi ita ce maguɗi. Kalmar ta girmi Jamhuriyar Nijar kanta.

Ran 28 ga Satumba 1958 aka yi zaɓen raba gardama kan ko Nijar za ta zauna ƙarƙashin inuwar Faransa. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a. Gwamna Colombani, wanda aka turo makonni kaɗan kafin zaɓen, ya jawo sarakuna a jika, aka bayyana cewa masu "i" sun samu kashi 78 cikin 100, alhali waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai kashi 40 ba. Sawaba ta yi kukan maguɗi, aka haramta ta a 1959. Littafin Klaas van Walraven na 2013 kan tarihin Sawaba ya bi diddigin matsin da aka yi wa magoya bayanta.

Sai dai kukan ya tsaya kan akwati da alƙaluma, ya bar aƙidar da ta share wa maguɗin fage: wai talaka ɗa ne, sarki uba, don haka inda uba ya sa ƙafa nan ɗa zai sa tasa. Masu ra'ayin riƙau suna kiran wannan biyayya da ladabi, har su jingina shi ga al'ada. Ladabi kam abu ne mai kyau, amma gaida sarki daban, miƙa masa ƙuri'a daban. Idan maigari ya riga ya faɗi abin da gari zai zaɓa, ba sai an cusa takarda ko guda a akwati ba.

Ita ma Sawaba ba ta kuɓuta daga zargi ba. A 1957 da goyon bayan sarakuna da dama ta hau mulki, ba ta ga aibin rawani ba sai da ya juya mata baya.

A Yulin 1996 Janar Ibrahim Bare Mainasara ya rushe hukumar zaɓe ta CENI ana tsakiyar zaɓe, sabuwar hukumar da ya naɗa ta ba shi kashi 52. Wannan sata ce da rana tsaka, kowa ya gan ta. Wadda ake yi a zaure kafin ranar zaɓe ba ta da kotun da za a kai ta, kuma ita ce littattafan tarihi na makarantunmu suka fi yin shiru a kanta.