Ba Kowane Kaya Ake Zubawa A Buhu Ɗaya Ba

Kwanakin baya wani Alhaji mai sayar da hatsi a nan Garwa ya kusa ɓatawa da tsohon abokin cinikinsa a kan bashin masara na sefa 40,000 da mutumin bai taɓa ci ba. Kwamfuta ce ta ɗora masa. Wanda ya tsara wa kwamfutar lissafin kuwa ɗan yayata ne, yaro mai ƙwazo da ya koyi Python, yana ɗan samun na cefane da shi. Bayan sallar isha'i sai ga shi da kwamfutarsa a hammata, ransa a ɓace.

"Kawu, wallahi na duba sau uku, lissafin daidai yake."

Na ce ya buɗe mu gani. Jeri uku ya yi: na sunaye, na lambobin waya, na bashi. Abin da ya haɗa su kawai shi ne gurbi, wato suna na 41 shi ke da lamba ta 41 da bashi na 41. Ranar da mai gurbi na 41 ya biya, sai yaron ya share sunansa da lambarsa, ya manta da jerin bashi. Duk sunayen da ke ƙasa suka matso sama da taki ɗaya, kowa ya gaji bashin wanda ke gabansa. Wani ya samu sauƙin da bai nema ba, wani ya ɗauki kayan da ba nasa ba. Kwamfutar ba ta yi ko tari ba, domin a wurinta babu abin da ya karye.

Na kawo labarin ne don ba shi kaɗai ba ne. Matasanmu masu rubuta manhaja suna ƙaruwa, musamman da aka buɗe Jami'ar Marwa a 2008 da ta Garwa a 2022, ga ta Ngaundare da ta riga su. Abin farin ciki ne. Sai dai kusan duk aikin da aka kawo mini in duba, ɗabi'a ɗaya nake tararwa: kowane bayani a jeri ake zuba shi, abin da masu karatun Faransanci ke kira tablo. Suna a tablo, kuɗi a tablo, kwanan wata a tablo. Ba na ganin laifin malamai, don da jeri ya kamata a fara, kamar yadda ake fara allo da babbaƙu. Matsalar ita ce tsayawa a nan. Tun 1976 Niklaus Wirth, wanda ya ƙirƙiro yaren Pascal, ya rubuta littafin da takensa kansa ke nuna cewa manhaja abu biyu ce: hanyar aiki da yadda aka ajiye bayanai. Mun rungumi na farko, mun yi wa na biyun riƙon sakainar kashi.

Ra'ayina shi ne, kafin ka zaɓi ma'aji, ka fara sanin tambayar da za a riƙa yi wa bayanan. Alhaji bai taɓa tambayar wane ne na 41 ba. Tambayarsa kullum ita ce: wane nawa ake binsa? Wannan aikin ƙamus ne, inda kowane bayani ke rataye da mabuɗinsa. Ka ba da lambar wayar mutum, a fito maka da sunansa da bashinsa da ranar da ya ɗauka, duk a ƙulli ɗaya. In ka share shi, ya tafi da kayansa gaba ɗaya, bai bar wa kowa gado ba.

Wanda ya taɓa ajiye babur a wurin mai gadi a bakin kasuwa ya riga ya san yadda ƙamus ke aiki. Ana ba ka 'yar takarda mai lamba. In ka dawo, mai gadin ba ya bin babura ɗaya bayan ɗaya yana tambayar ko wannan ne naka. Lambar ce ke kai shi wurin. Haka kwamfuta ke yi: tana sarrafa mabuɗin ya zama lamba, lambar ta nuna mata gurbin. Neman abu a jeri kuwa sai an bi daga farko har a ci karo da shi.

A kan mutum 30 ba za ka ji bambancin ba. Amma mu ɗauki auduga, wadda tun kafa kamfanin SODECOTON a 1974 ta zama ƙashin bayan wannan yanki. A ce wata ƙungiyar manoma tana da mutum 5,000, ana son a haɗa sunayensu da takardun biya 5,000. In jeri biyu ka yi, kana ɗaukar kowace takarda kana bin sunaye da ita, gwajin zai iya kaiwa miliyan 25. In ka fara zuba sunayen a ƙamus, taki wajen 10,000 ya wadatar. A garin da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma ta dogara da ruwan da ya rage a madatsar Lagdo, tsohuwar kwamfuta mai raunin batir ba ta da lokacin ɓatawa. Sau da yawa wanda ke kukan injinsa ya tsufa, ma'ajinsa ne bai dace ba.

Akwai wasu ma'ajin biyu da ba a cika waiwayarsu ba. In tambayar ita ce ko an riga an ga wannan, misali ko an biya lamba ɗaya sau biyu ta Orange Money ko MTN MoMo, akwai tarin da ba ya karɓar maimaici: ka zuba abu sau goma, sau ɗaya zai riƙe. In kuma aikin na wanda ya riga zuwa ya riga tafiya ne, kamar manoma a gaban sikeli, akwai ma'ajin layi. A Python, cire na farko daga jeri yana tilasta wa duk sauran su matso, ma'ajin layi kuwa an gina shi ne don kada a yi wannan wahalar.

Ƙamus ma yana da tarkonsa, kuma namu na gida ne. Kada ka yi mabuɗi da suna. A unguwa ɗaya za ka samu Hamadu biyar, ga shi mutum ɗaya yana iya zama Usman a littafin shago, Ousmanou a katin shaida, Usmanu a bakin mutane. Lambar waya ta fi, amma ita ma sai an gyara ta. Tun 2014 lambobin Kamaru suka koma alƙaluma tara. Wani zai rubuta da 237 a gaba, wani ya bar tazara a tsakani, abokin ciniki daga Yola ko Mubi kuma ya kawo tasa mai farawa da sifili. Ka daidaita su a siga ɗaya, ka ajiye su a matsayin rubutu, domin in ka ajiye a matsayin adadi sifilin farko zai ɓace.

Kada a ce na tsani jeri. Duk inda tsari ne abin nema, babu kamarsa: farashin buhun masara rana bayan rana, tsayin ruwan Binuwai a damina, zagayen kwasar adashi. Ya fi ƙamus sauƙin cin wuri, ya fi sauƙin karantawa. Wanda zai gina babban tsari saboda abu goma shi ma ya yi ɓarna, ya sayi rumbu don mudu ɗaya. Kuma iyakar da ke tsakanin jeri da ƙamus tana da ruɗani a wasu yarukan. A PHP, wanda da shi ake yawan gina shafukan intanet, abin da ake kira jeri a haƙiƙa ƙamus ne mai riƙe tsari, shi ya sa in ka cire abu daga tsakiya lambobin ba sa matsowa, giɓi ake bari. JavaScript sai a 2015 ya samu cikakken ƙamus da tarin da ba ya maimaici. Python kuwa daga siga ta 3.7 a 2018 ya tabbatar da cewa ƙamusunsa suna riƙe tsarin da aka zuba abubuwa. Kowane yare da halinsa, sai an zauna da shi.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne sabon yayin miƙa komai ga manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Suna rubutu da sauri, wani lokacin ma da kyau. Amma ba su san Hamadu biyar ne a layinku ba, ba su san Alhaji yana yafe bashi ranar sallah ba. In ba ka san tambayar da za a yi wa bayananka ba, ba za ka iya gane ko abin da aka ba ka ya dace ba.

A daren nan ni da ɗan yayata muka mai da jerin uku ƙamus ɗaya, aikin bai kai awa guda ba. Abin da ya fi wuya shi ne washegari, da ya je gaban dattijon da aka ɗora wa bashi ya durƙusa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, kuskuren nawa ne." An yafe masa, amma Alhaji ya koma riƙe littafinsa na takarda a gefe, kuma ban ga laifinsa ba.

Don haka ƙannena masu wannan sana'a, kafin ku taɓa madannai, ku zauna da mai shagon ko sakataren ƙungiyar, ku ji tambayoyin da yake yi wa littafinsa kullum, ku rubuta su a takarda, sannan ku zaɓi ma'aji. Kuɗin mutane da mutuncinsu ne kuke zubawa a ciki.