Sunan da ya riga hujja: Roland de Vaux a kufan Kumran

Roland de Vaux (1903-1971), limamin Katolika Bafaranshe, ya shugabanci makarantar nazarin Baibul ta Faransawa a Birnin Ƙudus daga 1945 zuwa 1965. Shi ne ya jagoranci haƙar kufan Kumran, a bakin Tekun Gishiri, tsakanin 1951 da 1956. A kewayen wurin ne aka samu tsofaffin rubuce-rubucen Yahudawa cikin kogwanni 11, waɗanda aka gano na farkonsu a 1947.

Littafinsa na 1961, L'archéologie et les manuscrits de la mer Morte, aiki ne na mai haƙuri. Ya bi tukwane da tsabar kuɗi da hanyoyin ruwa, ya nuna cewa Rumawa sun rusa wurin a shekara ta 68 bayan haihuwar Annabi Isa. Ya kuma nuna cewa tulunan da ke cikin kogwannin irinsu ɗaya da na kufan, hujjar da har yau take da nauyi.

Inda aikin ya yi rauni shi ne wajen raɗin suna. Ya samu kurtun tawada biyu a tarkacen wani ɗaki, sai ya kira shi scriptorium, wato ɗakin kwafar littattafai irin na gidan ruhubanawan Turai. Ya samu kwanoni sama da 1000 jibge kusa da wani babban zaure, sai ya kira zauren réfectoire, ɗakin cin abincin ƴan'uwa. Kalmomin nan daga rayuwarsa ta ibada suka fito, kuma mai karatu yakan karɓi hukuncin tun kafin ya auna hujjar. Daga baya Norman Golb ya ce sansanin soja ne, wasu suka ce gidan attajiri ne ko masana'antar tukwane. Jodi Magness, a 2002, ta goyi bayansa cewa mazaunan ƴan ɗariƙar Esiniyawa ne, amma ta gyara masa lissafin shekaru.

Babban laifi kuwa, ya rasu bai wallafa cikakken rahoton haƙar ba. Sai a 1994 aka fitar da hotuna da bayanansa na fili. Haƙa ba ta maimaituwa, domin ƙasar da aka kwashe ta kwasu ke nan.

Malamin da zai kawo wannan littafi aji, ya sa ɗalibai su ware abin da aka tono daga sunan da aka raɗa masa, sa'an nan su yi muhawara.