BABI NA HUƊU: TARKEN MANHAJAR GOOGLE EXPEDITIONS A MATSAYIN KAYAN KOYARWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ma'anar duniyar kwaikwayo, wato fasahar da mutum kan sanya wani tabarau na musamman a fuska, sai ya ga kansa a tsakiyar wani wuri da kwamfuta ta shirya, duk inda ya juya kai wurin ne ke kewaye da shi. A wannan babi kuwa za a ɗauki manhaja guda ɗaya, wato Google Expeditions, a yi mata tarke. An zaɓe ta ne saboda dalilai biyu. Na farko, tana cikin manhajojin wannan fasaha da suka fi shiga azuzuwan firamare da sakandare. Na biyu, ta riga ta yi zamaninta ta gama, daga 2015 zuwa 2021, don haka ana iya dubanta daga farko har ƙarshe. Ma'aunin da za a ɗora ta a kai guda ɗaya ne: shin abin da ɗalibi ya gani ya zama ilimin da zai iya bayyanawa bayan ya cire tabarau?

4.1 Tarihi da Tsarin Manhajar

A shekarar 2014 kamfanin Google na ƙasar Amurka ya fito da wani tabarau mai araha da ya kira Cardboard. Kwali ne da ake naɗewa, mai gilasai biyu, ana zura wayar hannu a cikinsa a kara a ido. A kan wannan kwali aka gina Expeditions a 2015. A 2016 kamfanin ya bayyana cewa ɗalibai fiye da miliyan ɗaya a ƙasashe 11 sun gwada ta, kuma a shekarar ce aka buɗe ta ga duk mai so.

Yadda darasi ke gudana shi ne, malami na riƙe da kwamfutar hannu mai kama da allo, kowane ɗalibi kuma na riƙe da tabarau. Malami zai zaɓi wurin da za a ziyarta, alal misali Babbar Ganuwar Sin, ko ƙarƙashin teku a gaɓar Ostareliya, ko fadar Buckingham da ke Landan. Nan take hoton wurin zai bayyana a idon kowa. Idan malami ya taɓa wani sashe na hoton, sai kibiya ta fito a tabaran ɗalibai ta nuna musu inda za su duba. A allonsa yana ganin alamar inda kowane yaro ke kallo, yana da bayanai da tambayoyi da aka tanadar masa, yana kuma da ikon tsayar da hoton gaba ɗaya idan yana son a saurare shi.

4.2 Nagartar Manhajar

Adalci ne a fara da inda manhajar ta yi abin yabo. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Akwai abubuwan da bayanin baki da hoton littafi ba sa iya isarwa, musamman girma da tsawo da zurfi. Yaron da aka gaya wa tsayin dutse da lambobi ya haddace lamba ce kurum, amma wanda ya ɗaga kai sama yana neman ƙarshen dutsen ya sami wani ma'auni a ransa. Har ila yau, wuraren da manhajar ke kai yara, irin su ƙasan teku da sararin samaniya, wurare ne da babu makarantar da za ta ɗebi ɗalibai a mota ta kai su.

Babbar nagartarta, a ra'ayin mai wannan bincike, ita ce ba ta ture malami gefe ba. Shi ne ja-gaba, shi ke cewa a tsaya ko a wuce, kuma aji duka na kallon abu guda a lokaci guda. Wannan ya dace da abin da malamai suka daɗe da sani game da ziyarar gani da ido: idan aka saki yara a gidan tarihi ba mai yi musu jagora, za su sha kallo su dawo gida ba su riƙe komai ba.

4.3 Raunin Manhajar

4.3.1 Kallo ba tare da aiki ba

Rauni na farko yana cikin ginin manhajar kanta. Yawancin abin da ke cikinta hotuna ne masu kewaye waɗanda ba sa motsi. Ɗalibi na iya juya kai dama da hagu, sama da ƙasa, amma ba zai taka zuwa wajen abin da ya gani ba, ba zai taɓa shi ba, ba zai auna shi ba. Bugu da ƙari, kwalin ba shi da maɗaurin kai, da hannu ake riƙe shi. Ke nan idon yaro a rufe yake daga ganin malami da abokansa, hannunsa kuma ba ya kan biro. Duk abubuwan da ke sa karatu ya zauna, wato rubutu da zane da tambayar na kusa, an dakatar da su muddin tabarau na fuska.

Domin a ga muhimmancin wannan, yana da kyau a kwatanta da fagen da kwaikwayo ya yi nasara a fili. Seymour da abokan aikinsa (2002) sun yi gwaji a Jami'ar Yale da likitoci 16 masu neman ƙwarewa a tiyata. An horar da wasunsu da na'urar kwaikwayon tiyata, sauran kuma aka bar su da horon da aka saba. Da aka zo aikin cire maɗaciya na gaske, waɗanda suka yi horo da na'urar sun fi sauri da kashi 29 cikin ɗari, kurakuransu kuma sun yi ƙasa ƙwarai. Abin lura a nan shi ne, wannan na'ura ba tabarau gare ta ba, allon kallo ne da kayan aiki da ake riƙewa a hannu. Abin da ya koyar da likitocin shi ne maimaita aiki da hannu, tare da na'urar da ke nuna musu kuskurensu. Wannan ne Expeditions ta rasa.

4.3.2 Jin an je wuri da fahimtar darasi

Rauni na biyu ya shafi hujjar da ake tallata irin wannan fasaha da ita, wato cewa idan ɗalibi ya ji kamar yana wurin, to zai fi fahimta. Bincike bai goyi bayan wannan zato kai tsaye ba. Parong da Mayer (2018) sun koyar da ɗaliban jami'a darasin yadda ƙwayoyin halitta ke aiki a cikin jini, wasu ta tabarau, wasu ta jerin hotuna da rubutu a allon kwamfuta. Masu tabarau sun fi nuna sha'awa da jin daɗi, amma masu allon kwamfuta sun fi su cin jarrabawa. Haka kuma Makransky da Terkildsen da Mayer (2019) sun gwada ɗalibai 52 da darasin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya. Masu tabarau sun fi jin cewa suna cikin ɗakin, amma abin da suka koya bai kai na masu kallon allo ba.

Dalilin da masanan suka bayar mai sauƙin ganewa ne. Hankalin ɗan Adam yana da iyakar abin da zai ɗauka a lokaci guda. Idan launuka da motsi da mamakin sabon wuri suka cinye hankalin, kaɗan ne zai rage wa darasin. Gaskiya ne cewa waɗannan gwaje-gwaje da ɗaliban jami'a aka yi su, kuma da wasu manhajoji daban. Sai dai idan baligi ya shagala da kallo, yaro ɗan shekara goma ya fi shi kusa da shagala.

Gwajin Parong da Mayer yana da kashi na biyu wanda ya fi na farko amfani ga malami. Da aka yanka darasin tabarau gida-gida, aka sa ɗalibai su tsaya su rubuta taƙaitaccen abin da suka gani bayan kowane yanki, sai sakamakonsu ya ɗaga sama da na waɗanda suka yi kallo a miƙe. Ashe ribar tana wajen cire tabarau a yi tunani. Expeditions ta ba malami maɓallin tsayar da hoto, amma ba ta gina irin wannan aiki a cikin darussanta ba, ta bar shi ga dabarar kowane malami.

4.3.3 Tsada da rashin ɗorewa

An yi ta yabon kwalin da araha, alhali kuwa kwali ba ya nuna komai sai da waya. A 2016 ana sayar da akwatin kayan aji mai ɗalibai 30 a Amurka, wato wayoyi da tabarau da kwamfutar malami da na'urar haɗa su, a kan kusan dala 10,000. Bayan saye kuma ga cajin wayoyi, ga zafin da suke ɗauka, ga jiri da tashin zuciya da kan kama wasu yara.

Abin da ya fi wannan muni shi ne yadda lamarin ya ƙare. A 2020 Google ya ba da sanarwar rufe manhajar, kuma a ranar 30 ga Yuni, 2021 ta daina aiki, tare da Tour Creator, wato manhajar da aka fito da ita a 2018 domin malamai da ɗalibai su shirya tasu ziyarar. An mayar da ziyarce-ziyarce da dama cikin Google Arts & Culture, amma tsarin da malami ke jagorantar aji bai bi su ba. Wato sashen da ya fi kowane daraja a fuskar koyarwa shi ne ya salwanta. Makarantun da suka sayi kaya, da malaman da suka tsara darussansu a kan manhajar, ba su da ta cewa, domin ba tasu ba ce. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Littafin da makaranta ta saya yana nan a kanta ko da maɗaba'ar ta rufe, manhaja kuwa ranta na hannun mai ita.

4.4 Matsayin Manhajar a Tarihin Kayan Koyarwa

Abin da ya sami Expeditions ba sabo ba ne. Tun a 1913 Thomas Edison ya yi hasashen cewa fim zai kori littafi daga makarantu. Cuban (1986) ya bi tarihin fim da rediyo da talabijin a azuzuwan Amurka, ya nuna yadda kowanne ya shigo da manyan alkawura, daga baya amfani da shi ya taƙaita. Clark (1983) kuwa ya kamanta kayan koyarwa da motar da ke kawo abinci: motar ba ta ƙara wa abincin gina jiki. Mai wannan bincike bai yarda da Clark ɗari bisa ɗari ba, domin kamar yadda aka nuna a 4.2, akwai abin da tabarau ke isarwa wanda littafi ba ya iyawa. Amma shaidun da aka kawo a 4.3.2 sun tabbatar da ginshiƙin maganarsa, wato dabarar koyarwa ce ke haifar da ilimi.

4.5 Naɗewa

A wannan babi an ɗora Google Expeditions a kan ma'auni guda, aka ga cewa ta yi nasara wajen jawo sha'awa da nuna girman abubuwa da ajiye malami a matsayin ja-gaba. An kuma ga ta gaza wajen ba ɗalibi aikin yi, ta dogara da zaton cewa kallo shi ne fahimta, sannan ta gushe ba tare da shawarar masu amfani da ita ba. Hukuncin da aka yanke shi ne, manhajar ta dace da buɗe darasi na 'yan mintoci, ba ta isa ta ɗauki darasin duka ba. Duk makarantar da aka kawo wa tallar irin wannan fasaha, ya kamata ta yi tambayoyi uku kafin ta fitar da kuɗi: me ɗalibi zai yi da hannunsa, me zai rubuta idan ya cire tabarau, kuma me zai rage wa makaranta ranar da kamfani ya janye? A babi na gaba za a kawo taƙaitawa da shawarwarin wannan bincike.