Bakolori: Labarin da Kyamararmu Ta Ƙi Kallo

Mai karatu, bari in fara da tambaya. A cikin dubban finafinan Hausa da aka yi tun daga Turmin Danya na 1990 zuwa yau, guda nawa ka gani wanda rigimar cikinsa a kan gona take? Gonar gado da 'yan uba ke faɗa a kanta kam mun gan ta har mun gaji. Wadda nake nufi ita ce gonar da hukuma ta zo da katafila ta ce daga yau ta tashi daga hannunka. Haka in ka juya wajen littattafai, ƙirga min guda biyar da tauraronsu manomi ne da ya tsaya a kan fadamarsa ya ce ba inda za shi. Na san za ka daɗe kana tunani.

Abin mamaki, muna da irin wannan labari a gida, ya faru da gaske, kuma wasu daga cikin waɗanda abin ya faru a gabansu suna nan da rai. Sunansa Bakolori.

Ga yaran yanzu da ba su san zancen ba, ga yadda aka yi. A 1974 gwamnatin tarayya ta soma gina madatsar ruwa a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya aka ba kwangilar, kuma an gama ginin dam ɗin a 1978. Tsawonsa ya kai kilomita 5 da rabi, ruwan da ya tare ya shafe fili kimanin hekta 8,000. Manufa ita ce a yi noman rani na zamani a fiye da hekta 23,000, a samu alkama da shinkafa, a rage sayo abinci daga waje. A takarda abu ne mai kyau ƙwarai.

A ƙasa kuwa, aikin ya taɓa mutane kashi uku. Kashi na farko su ne na sama da dam, wajen Maradun, waɗanda ruwa ya cinye gidajensu da gonakinsu da maƙabartunsu. Kimanin mutum 13,000 aka tasa, aka kai su tudu inda ƙasa ba ta da albarkar wadda suka baro. Kashi na biyu su ne manoman Talata Mafara da Bakura, inda aka shata filin ban-ruwa. Su an hana su shuka, wasu damina biyu wasu fiye, ana baje ƙasa ana haƙa magudanai. An sare ɗorawa da kuka da sauran itatuwan da iyali ke ci daga jikinsu, diyya kuma ta zama yau da gobe. Da aka tashi mayar da gonaki, wani ya tarar an ba shi wadda ba tasa ba, wani ya tarar katafila ta kankare ƙasar sama mai taki. Kashi na uku, waɗanda ko lissafinsu ba a yi ba, su ne na ƙasa da dam. Ambaliyar da ke sauka fadama duk shekara ta ragu, noman shinkafa ya ja baya, su ma masunta suka ga kifi ya yi ƙaranci. Wani masani Bature, W. M. Adams, ya yi bincike a kan wannan asara ya wallafa a 1985.

Mutanen nan ba su fara da sanda ba. Sun yi koke, sun aika wakilai, an yi musu alkawari. Da tura ta kai bango, daga ƙarshen 1979 suka shiga tare hanyoyin aikin, suka hana motocin kamfani wucewa. Gwamnan Jihar Sakkwato na lokacin shi ne Shehu Kangiwa, shugaban ƙasa kuma Alhaji Shehu Shagari, ɗan jihar. A ƙarshen watan Afrilu na 1980 aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma. Aka buɗe wuta, aka ƙona ƙauyuka, ciki har da Birnin Tudu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Lissafin da ya fito daga ɓangaren mutanen ƙauyukan ya haura 380. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello yana cikin waɗanda suka tattara bayanan abin a rubuce, haka ma Bjorn Beckman, masani ɗan ƙasar Suwidin. Amma duk da Turanci suka rubuta, a littattafan da sai ɗakin karatun jami'a ake samunsu. Jikan wanda aka harbe a Birnin Tudu ba shi da inda zai karanta labarin kakansa da harshensa, balle ya kalle shi.

To, a nan ne nake da magana da 'yan fim ɗinmu. An daɗe ana yi musu gorin wankiya, wato kwaikwayon finafinan Indiya. Ni ƙorafina daban ne: sun kwaikwayi rabin Indiya sun bar rabi. Sun ɗauko rawa a cikin furanni da soyayyar mutum uku, sun bar manomi a can.

Duba Mother India na 1957, fim ɗin da iyayenmu suka kalla a silima har suka haddace. Da me ya buɗe? Da bikin buɗe magudanar ban-ruwa a ƙauye. Duk wahalar da Nargis ta sha a cikinsa a kan gona ce da bashin mai ba da rance, kuma a ƙarshe da ta buɗe magudanar, ruwan da ya kwararo ja ne kamar jinin ɗanta da ta harbe da hannunta. Fim ne mai yabon ci-gaba, amma bai ɓoye cewa ci-gaban da jini aka biya shi ba. Kafin shi akwai Do Bigha Zamin na Bimal Roy, 1953, labarin manomin da mai ƙasa ke son 'yar gonarsa don a gina masana'anta. Ya tafi birni yana jan keken ɗaukar mutane don ya biya bashi, ya dawo ya tarar an yi gwanjon gonar, gini ya tashi. Ya duƙa ya ɗebi ƙasa cikin tafin hannunsa, mai gadi ya hana shi tafiya da ita. Ka gaya min, wane Bamafare ko Bamarade ne zai kalli wannan wuri bai ga kansa ba?

Kuma Indiyawan ba a fim kaɗai suka tsaya ba. Lokacin da gwamnatinsu ta tashi gina dam ɗin Sardar Sarovar a kan kogin Narmada, 'yan asalin wurin da manoma sun yi shekaru suna turjiya a ƙarƙashin jagorancin wata mata, Medha Patkar, har Bankin Duniya ya janye daga aikin a 1993. An yi finafinan gaskiya a kan gwagwarmayar, irin su A Narmada Diary na 1995. A 2006 Aamir Khan da kansa ya je ya zauna da masu zanga-zangar a Delhi, abin da ya jawo gidajen silima na jihar Gujarat suka ƙi nuna fim ɗinsa Fanaa. An dai gama dam ɗin, an buɗe shi a 2017. Manoman ba su yi nasara ba, amma ba wanda zai ce bai san da su ba. Namu fa?

Kada a ce Bahaushe bai taɓa gwadawa ba. A 1983 Sulaiman Ibrahim Katsina ya fitar da Tura Ta Kai Bango, littafin da ya kalli zaluncin masu iko a kan talaka ido da ido. A 1991 Saddik Balewa, ɗan marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya yi fim ɗin Ƙasarmu Ce, a kan wani attajiri da ke neman mallake gonakin wani ƙauye saboda duwatsu masu daraja da ke ƙarƙashinsu. An nuna shi a ƙasashen waje, amma a gida kaɗan ne suka gan shi, domin ya zo daidai lokacin da kaset ɗin bidiyo ke ture silima. Wannan hanya da suka share, ciyawa ta rufe ta.

Na san amsoshin da furodusoshi za su ba ni. Na farko kuɗi: ina za a samu katafila da taron ɗaruruwan mutane? Na biyu kasuwa: wai mata da matasa soyayya suke so. Na uku tsoro, kuma shi ne mai ƙarfi, domin industirin da ta ga an ɗaure Adam A. Zango a 2007 da Hamisu Iyan-Tama a 2008 ba za a ce ta ji tsoron banza ba. Amma kowanne yana da amsa. Jama'ar da suka zauna suna bin Kwana Casa'in mako-mako sun nuna cewa labarin siyasa da mulki yana da masu kallo. Gwamnatin da aka yi abin a zamaninta ta faɗi tun 1983, ita kanta Zamfara ta zama jiha tun 1996. Batun kuɗi kuwa, marubucin littafi ba ya buƙatar katafila. Biro da takarda da kuɗin mota zuwa Mafara sun ishe shi.

Sai dai akwai wani cikas da ya fi waɗannan, kuma a cikin salon labarinmu yake. Mun saba da mugu guda ɗaya: Alhaji mai ƙaton ciki da babbar riga, ya yi ta zalunci, a minti goma na ƙarshe ya yi hatsarin mota ko ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya yi nadama, a yafe masa, a rubuta Alhamdulillahi. In aka zuba Bakolori a cikin wannan ƙwarya, an kashe labarin. A Bakolori muguntar a rarrabe take. Akwai injiniyan da ya zana taswira bai taɓa tambayar mai gona ba. Akwai akawun da ke riƙe da rajistar diyya. Akwai mai sarautar da ya rasa ko ya bi na sama ko ya bi talakawansa. Akwai ɗan sandan da shi ma ɗan manomi ne daga wani gari. Kowannensu zai ce aikinsa kawai ya yi. Daraktan da ya iya nuna yadda mutane masu sallah da azumi suka haɗu suka aikata wannan, shi ne ya yi fim.

Haka kuma jarumin ba zai zama saurayi ɗaya mai gyaran gashi ba. Gari ne jarumin. A nuna mana dattijon da ke lissafa wa akawu itatuwansa ɗaya bayan ɗaya, kowace ɗorawa da sunan wanda ya bar masa ita. A nuna tsohuwar da ke tsaye bakin ruwa tana nuna wa jikanta daidai inda kabarin mijinta yake a ƙasan tafki. A nuna matan da ke kai tuwo wurin da maza suka tare hanya, da gardamar da ake yi da dare tsakanin masu cewa a haƙura da masu cewa a tsaya. In waƙa ake so, wannan ƙasa ce ta haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ɗan yankin Bakura, makaɗin Maradun, wanda da kiɗan noma ya buɗe ido. Gangar noma da waƙar gayya za su yi wa wannan fim abin da fiyano ba zai iya ba.

Kuma a yi adalci. Yau dubban iyalai a Mafara da Bakura da ruwan Bakolori suke noman shinkafa, har Bankin Duniya ya sa gyaran magudanan a cikin wani shirinsa da aka amince da shi a 2014. Fim ɗin da zai ce dam ɗin sharri ne zalla ƙarya zai yi, kuma mutanen wurin su za su fara ƙaryata shi. Tambayar da ta dace ita ce: wa aka tambaya, wa ya biya, wa ya ci? Mutanen Birnin Tudu ba ruwa suka ƙi ba. Haƙƙinsu suka nema.

Wani zai ce tonon tsohon miki ne, Zamfara na da abin da ya ishe ta. Ni kuwa ina ganin mikin bai taɓa warkewa ba, rufe shi aka yi. Jihar da gubar dalma ta kashe mata ɗaruruwan yara a wuraren haƙar zinare a 2010, jihar da rikicin gona da burtali da daji ya raba dubban mutanenta da ƙauyukansu, tana buƙatar ta san tun yaushe talakanta ya fara ɗebe tsammani daga hukuma. Ban ce Bakolori ce ta haifi abin da ya biyo baya ba. Amma wanda bai san inda ruwa ya fara dukansa ba, da wuya ya san inda zai fake.

Saurayin da ke da shekara 20 a ranar da aka yi harbin, yau ya haura 60. Kowace shekara ana rage masu ba da labarin. Ko ba za a yi fim bana ba, ɗaukar muryarsu ba ta fi ƙarfin wayar da ke aljihun kowane darakta da marubuci ba. Kuɗin da ake kashewa a waƙa ɗaya ta gidan biki ya isa mutum biyu su yi mako guda tsakanin Mafara, Bakura da Maradun suna sauraren tsofaffi.

Kai kuma mai karatu, kana da naka. In ka haɗu da marubucin da kake so, ko ka rubuto wa wannan mujalla wasiƙa, tambaye su: ina labarin Bakolori? In kuma kai ɗan yankin ne, kakanka na da rai, zauna kusa da shi yau da dare ka tambaye shi abin da ya gani. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya ba masu alƙalami da masu kyamara zuciyar ɗaukar wannan aiki.