Maganar Ɗan Gani-Kashe-Ni: Wacce Za a Ɗauka, Wacce Za a Bari?



Duk mai buɗe rumfa da wuri ranar Litinin a kasuwar Jimeta ya san kafin a fara ciniki sai an gama shari'ar wasan jiya. Makon da ya wuce ina zaune ina jiran shayi, sai gardama ta kaure tsakanin maƙwabtana biyu, wani dattijo mai atamfa da wani saurayi mai takalma. Dattijon ya dage lallai sai an kori kocin ƙungiyarsa. Da yaron ya ƙi yarda, sai ya ce masa: "Kai yaro, tun ba a haife ka ba nake bayan ƙungiyar nan. In na yi magana a kanta, shiru ake yi a saurara." Yaron ya yi murmushi ya ce: "Allah ya huci zuciyarka Baba, ai shi ya sa ba za a saurara ba. So hana ganin laifi."

Aka yi dariya aka watse, amma maganar ta zauna mini. Wannan gardamar ake yi kullum a gidajen kallo na Luggere da Doubeli da Jambutu, ita ake yi a teburin mai shayi, ita ce kuma ke cika shirin wasanni na rediyo idan an buɗe layin waya. Shin daɗewar mutum yana son ƙungiya tana ƙara wa maganarsa nauyi ne, ko tana rage mata? Ni a ganina kowannensu ya riƙe rabin gaskiya. Ɗan gani-kashe-ni magana iri uku yake yi: abin da ya gani, hukuncin da ya yanke, da haƙƙin da yake nema. Kuskurenmu shi ne muna zuba su a buhu ɗaya mu yi musu kuɗi ɗaya.

Mu fara da abin da ya gani. A nan ba wanda ya kai shi. Ɗauki tsohon mai goyon bayan Kano Pillars, irin waɗanda muke da su da yawa a unguwar nan. Zai gaya maka an kafa ta a 1990, ta ci gasar ƙasa a 2008, sannan ta jera uku, 2012 da 2013 da 2014. Zai tuna maka yadda ta fitar da Al Ahly ta Masar a 2009 har ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun Afirka, inda Heartland ta Owerri ta tare ta. Zai ce maka shekara 12 aka yi, daga 2003 zuwa 2015, ba a ci Masu Gida a gidansu ba a wasan lig, sai da Nasarawa United ta zo ta karya. Wannan duk ana iya samunsa a rubuce. Abin da ba a rubuce yake ba shi ne ya fi tsada: ya san ɗan wasan da ke ɓacewa idan an je waje, ya san wanda ke gudu da ciwo a ƙafa bai faɗa ba, yana gane ranar da 'yan wasa suka shigo fili jiki a sanyaye. Koci yakan yi kaka ɗaya ko biyu ya kama gabansa, shugaba yakan tafi idan gwamnati ta sauya, ɗan wasa yana bin inda kuɗi yake. Mai goyon baya kaɗai ke nan daram. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan irin wannan mutum ya ce maka "wannan matsalar mun taɓa ganinta," to ka gyara zama ka ji.

Amma da zarar ya tashi daga ba da labari ya hau kujerar alƙali, sai a yi hattara. Ga gwaji mai sauƙi: ka tambaye shi yaushe ne rabon da a ba abokan karawarsu fenareti ya ce wallahi daidai ne. Zai yi ta tunani har shayinsa ya huce. A wurinsa duk jan katin da aka ba ɗan wasansu zalunci ne, duk satar gidan da aka kama su sharri ne. Ba ƙarya yake yi da gangan ba, haka idonsa ya nuna masa, domin zuciya ta riga ido isa wurin. Ko a gaban alƙali ba a karɓar shaidar uba a kan abin da zai amfani ɗansa, kuma ba don an ɗauke shi maƙaryaci ba.

Haka batun korar koci, wanda shi ne abincin 'yan gani-kashe-ni. Masu goyon bayan Manchester United na unguwarmu su tuna: Alex Ferguson ya karɓi ƙungiyar a Nuwamba 1986, ya shafe sama da shekara uku bai ɗaga kofi ba. A ƙarshen 1989 har ƙyalle aka ɗaga a filin Old Trafford ana neman ya tafi. Waɗanda suka ɗaga ƙyallen nan ba baƙi ba ne, masoya ne na haƙiƙa masu biyan kuɗin ƙofa duk mako. Da an bi tasu, da ba a ga kofin FA na 1990 ba, da ba a ga kofin Firimiya 13 da ya ci kafin ya yi ritaya a 2013 ba. Ciwon da suka ji gaskiya ne, ƙungiyar ba ta wasa mai kyau a lokacin. Maganin da suka rubuta ne ba daidai ba. Marar lafiya ya fi kowa sanin inda ke masa ciwo, amma wannan bai mai da shi likita ba.

Mafi muni kuma shi ne ranar da hukuncin baki ya koma na hannu. A Afrilu 2022, a wasan Pillars da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Kano, 'yan kallo suka tayar da hargitsi, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta cire wa Pillars maki uku, ta ci ta tara, ta kuma ɗauke wasanninta daga Kano. A ƙarshen kakar nan ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta faɗa rukuni na biyu, sai a 2023 ta dawo. Ba zan ce hargitsin kaɗai ya jefa ta ba, amma wanda ya ɗauki dutse da sunan so ya taimaka wajen tura ta. Irin wannan ra'ayi ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa.

Saura magana ta uku, wadda ba mu cika yi ba, alhali a nan ne bakin mai goyon baya ya fi na kowa ƙarfi: haƙƙinsa a kan ƙungiyar. Wa ke riƙe da ita, ina kuɗinta ke tafiya, a ina za ta buga wasa, nawa ne kuɗin shiga. Wannan ba ya bukatar takardar koyarwa, domin shi abin ya shafa. A ranar 18 ga Afrilu 2021 manyan ƙungiyoyin Turai 12 suka sanar za su ɓalle su kafa gasar Super League, wadda waɗanda suka kafa ta ba za su taɓa faɗuwa daga cikinta ba. Shida daga Ingila suke: Arsenal, Chelsea, Liverpool, Manchester City, Manchester United da Tottenham. Magoya bayansu da kansu suka ce ba su yarda ba, na Chelsea suka cika titi a gaban Stamford Bridge. Kwana uku ba su cika ba duka shidan suka janye, wasu masu ƙungiyoyin har da ba da haƙuri. A Jamus ma doka ce, wadda suke kira 50+1: a yawancin ƙungiyoyi, mambobi ne ke riƙe da rinjayen ƙuri'a, attajiri ba zai zo ya saye ya yi yadda ya ga dama ba.

To a nan ne nake da ƙorafi a kanmu, har da ni mai rubutun. Mutanen da suka tare titi a Landan an ji su ne saboda su ne ke cika kujerun filin. Mu fa? Muna zaune a benci a Jimeta, janareta na ruri, muna rantsuwa sai an sayar da wane an sayo wane. Wa zai ji mu? Muryarmu ko gadar Binuwai ba ta tsallakewa. Ban ce a daina kallo ba, nishaɗi ne, ni ma ina yi. Amma mu san cewa ra'ayinmu a kan Arsenal hira ce kawai.

Alhali ga ƙungiya a ƙofar gidanmu wadda maganarmu za ta iya taɓawa. Adamawa United ta gwamnatin jiha ce, wato da dukiyar jama'a ake tafiyar da ita, kamar yawancin ƙungiyoyin ƙasar nan. Ta hau babbar gasar ƙasa a 2019. A kakar farko wasanninta na gida a filin Pantami na Gombe ta riƙa buga su, tafiyar sama da kilomita 200 daga nan. Annobar korona ta tsayar da gasar a Maris 2020 tana can ƙasan teburi, aka ce ba wanda zai faɗi, ta tsira. A kaka ta gaba, 2021, ta ƙare a ƙarshe ta koma rukuni na biyu. Yanzu ina tambaya tsakani da Allah: a wannan shekaru biyu, sau nawa muka yi gardama a kanta a kasuwa? Mu nawa ne muka tambayi dalilin da ya sa ƙungiyar Yola ke karɓar baƙi a wata jiha? Shiga kowane gidan kallo ka ce a lissafa maka 'yan wasanta biyar. Yaron da zai jero maka 'yan benci na Real Madrid zai tsaya yana sosa ƙeya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Na san amsar da za a ba ni: wasan gida ba daɗi, fili ba kyau, alƙalanci sai a hankali. Akwai gaskiya a ciki. Amma su wa za su matsa a gyara? Jami'in da ya ga ba mai tambaya, me zai sa ya damu? Da a ce rabin masu kiran rediyo suna zagin kocin Chelsea za su riƙa tambaya cikin ladabi ko an biya 'yan wasanmu haƙƙinsu, da yaushe za a gyara fili, da kuma yadda ake ɗaukar yaran unguwanni, da maganar ta isa Dougirei. Daga Ribadu Square zuwa gidan gwamnati ba nisa, Keke Napep ma ya isa.

Saboda haka idan ɗan gani-kashe-ni ya buɗe baki, ga sikelin da nake ba da shawara a ɗora maganarsa. Na farko, da idonsa ya gani ko a waya ya tsinta? Na biyu, ya taɓa faɗin laifin nasa, ya taɓa yaba wa abokin hamayya? Wanda bai taɓa ba, a rage rabin abin da ya faɗa. Na uku, me ya taɓa kashewa a kan ƙungiyar, ko kuɗin ƙofa, ko kuɗin mota, ko zaman rana a fili? Wanda ya haye ukun nan, shaidarsa abar karɓa ce, kukansa a kan haƙƙi abin saurare ne. Hukuncinsa a kan alƙalin wasa da koci kuwa, a bari ya kwana biyu tukuna, in ya huce a sake tambayarsa.

Maƙwabcina mai atamfa, na faɗa masa haka ido da ido. Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai har gobe sai an kori kocin nan. Na ce na ji Alhaji, amma ranar da Adamawa United za ta buga a gida, ni da kai da yaron nan mai takalma za mu rufe rumfa da wuri mu je. Ya ce in ya je ya ga shirme ba zai yi shiru ba. Na ce ai abin da ake nema ke nan.

Allah ya ba mu zaman lafiya a unguwa, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.