Kewar Da Aka Ɗora Wa Uwa: Sake Karanta Shaihu Umar Daga Ƙasar Tsafe

Yawancin masu karatun Hausa a aji suka fara haɗuwa da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma a aji suka baro shi. An ce mana labarin cinikin bayi ne, abin da ya riga ya wuce, sai muka haddace sunayen mutanen ciki don jarrabawa. Wanda ya sake ɗauko littafin yau zai tarar yana cikin rubutun zube na farko da ya dubi Bahaushen da aka raba da garinsu, ya girma a ƙasar wasu, aka kuma tambaye shi: daga ina kake? A kan wannan tambaya aka gina labarin gaba ɗaya, domin almajiransa ne suka yi masa ita a Rauta, ta ƙasar Bauchi, shi kuma ya buɗe baki ya ba su tarihinsa.

Littafin ya fito ne daga gasar da Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A lokacin Ɓalewa matashin malamin makaranta ne a Bauchi, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Abin lura shi ne uku daga cikin littattafan nan labarin barin gida suke bayarwa. Alhaji Imam ya fita da ƙafarsa, ya dawo da abin da ya je nema. Ganɗoki ya yi gabas bayan Turawa sun ci ƙasa, da ya komo ya tarar zamani ya sake. Umar ne kaɗai ba a yi shawara da shi ba. Sace shi aka yi yana ɗan yaro, kuma har labarin ya ƙare bai koma ya zauna a garin da aka haife shi ba.

Ga wanda ya manta, ga zaren labarin a taƙaice. An haifi Umar a Kagara. Bayan rasuwar mahaifinsa, uwarsa ta auri Makau, bafaden sarki, wanda 'yan uwansa fadawa suka ƙulla wa sharri har aka kore shi daga gari. Uwar ta tafi Fatika ganin iyayenta ta bar yaron a hannun amana, sai wani ya sace shi. Kura ta kashe ɓarawon, wasu bayin Allah suka tsinci yaron, mahara kuma suka sake kama shi. Daga Kano wani Balarabe, Abdulkarim, ya wuce da shi Ber Kufa a ƙasar Masar, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu wurin Shaihu Mas'ud har ya zama malami. Uwar kuwa ta bazama nemansa, ita ma ta faɗa bauta, aka ketare hamada da ita. Sun haɗu a ƙasar da yau ake kira Libiya, bayan shekaru masu yawa, kuma ba ta daɗe ba ta cika.

Idan ka bi littafin kana neman inda kewar gida take, za ka ga marubucin ya yi rabon gado tsakanin mutum biyu. Ɗan ya samu ilimi da girma da uban riƙo mai tausayi. Uwar ta samu bege da tafiya da wulaƙanci. Kusan duk zafin rabuwa da ke cikin labarin a kanta aka ɗora shi. Ita ce ta san abin da aka rasa, ita ce take bin sawu daga gari zuwa gari, ita ce Ado ya yaudara da alkawarin zai kai ta wurin ɗanta. Umar kuwa sai da ya girma, mafarki ya tayar masa da begen mahaifiyarsa, sannan hankalinsa ya koma ƙasar Hausa.

A nan Ɓalewa ya faɗi wata gaskiya da duk wanda ya haifi 'ya'ya a ƙasar waje ya sani. Kewa sai da tuni. Yaron da aka ɗauke tun bai san ƙamshin daddawar gidansu ba, me zai yi kewa? Ana cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma wanda aka ɗauke tun yana ƙwai, kukan sheƙar da ya ƙyanƙyashe zai koya. Shi ya sa begen da ya taso wa Umar bai ambaci ganuwar Kagara ko kasuwarta ba. Uwa yake nema. A wannan littafi, gida mutum ne, kuma ranar da mutumin ya mutu, hanyar komawa ta toshe.

Sai dai a nan kuma raunin littafin yake. Shekarun da Umar ya yi a Ber Kufa su ne tsakiyar rayuwarsa, amma an wuce su da sauri, kamar mai ba da labarin yana gudun kada a tsaya masa tambaya. Ba mu zauna da shi a kan akushi ba, ba mu ji yadda bakinsa ya juya daga Hausa zuwa Larabci ba, ba mu ga ranar da wani yaro a unguwa ya tuna masa cewa sayo shi aka yi ba. Kirkin Abdulkarim ya rufe komai, alhali mutumin nan fatauci yake yi da 'yan Adam, kuma kasuwar da ta mayar da Umar ɗan gata ita ce ta cinye uwarsa. Littafin ya nuna mana hakan, amma bai bar Umar ya yi fushi ba. Komai ya tafi a ƙaddara. Mai karatu na yau yana da ikon ya tambaya ko tawakkali ne wannan, ko kuwa marubucin ne ya sauƙaƙa wa tauraronsa hanya ya bar mace ta biya kuɗin.

Tarihi ya cike mana giɓin da littafin ya bari. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu a Sudan. Fiye da shekara 100 bayan nan ana jin Hausa a can. Haka zangon Kumasi da Sabon Zango na Ankara, inda jikokin fataken goro suke ɗaura aure da raɗa suna da Hausa, kuma a ƙasar Gana ɗin ne Alhaji Umaru na Salaga, haifaffen Kano, ya yi rubuce-rubucensa har ya rasu a 1934. Me ya bambanta su da Umar? Sun tafi da mata da tsofaffi da limami da wanzami da mahauci. Akwai mai daka fura, akwai mai yi wa yara tatsuniya, akwai mai tsawatarwa idan yaro ya gaida babba a tsaye. Al'ada ba ta rayuwa a hannun mutum ɗaya. Abin da mutum ɗaya zai iya riƙewa shi ne abin da ke ka, shi ya sa Umar ya dawo da karatu kawai, kuma karatun ma a can ya samo shi.

Ƙarshen littafin ya fi farkonsa hikima. Guguwar rairayi ta binne ayarinsu a hamada, Umar kaɗai ya tsira, ya shigo ƙasar Hausa ba uwa, ba uban riƙo, ba dukiya. Da marubuci mai neman tafi ne, da ya kai shi Kagara an yi kiɗa an rungume shi. Ɓalewa ya ajiye shi a Rauta, baƙo a cikin masu harshensa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Abin da ya rage masa shi ne ya shimfiɗa buzu, ya tara almajirai, ya ba su labarinsa. Da wannan ya gina sabon gida, kuma shi ne littafin da muke riƙe da shi.

Mutumin Bilbis ko wani ƙauye na ƙasar Tsafe ba zai karanta wannan labari a matsayin tsohon tarihi ba. Harin dare, da kora mutane daji, da uwa mai bin sawun ɗanta tana sayar da abin da ta mallaka, duk sun dawo da sabon suna a Zamfara cikin shekarun nan. Iyalai sun bar gonakinsu sun tare a Tsafe da Gusau da Funtua. Samari sun bi ta Agadas zuwa Libiya da Aljeriya, kusan hanyar da ayarin Abdulkarim ya bi, wasu kuma suna Saudiyya suna aikatau. Wannan ƙasa ce ta 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai wadda Sarkin Tsafe yake ɗauke da sunanta a sarautarsa, ƙasar da mutane suke zuwa neman ilimi. Yau 'ya'yanta ne a warwatse, kuma tambayar almajiran Rauta tana jiran jikokinsu.

Za a ce ai yanzu akwai waya. Gaskiya ne. Ɗan Tsafe da ke Tarabulus ko Jidda yana iya kunna waƙar da Musa Ɗanƙwairo ya yi wa 'Yandoton Tsafe, ya ji muryar gyatumarsa a saƙon WhatsApp, ya kalli hawan salla kai tsaye. Da uwar Umar ta samu wannan, da ba ta mutu a hanya ba. Amma ajiya daban, raya abu daban. Waƙar da ke cikin waya ba ta koya wa yaro kirari idan ba mai fassara masa. Hoton hoce ba ya koya wa yarinya yadda ake gasa shi. Karin harshen yankin ma, inda ake cewa lahiya da shina da hwara, a baki yake zama, kuma shi ne yake fara zubewa idan yaro ya girma a inda ake masa dariya saboda shi. Darasin Mai Wurno da zango yana nan daram: sai an haɗu, sai an ci tare, sai babba ya zauna da yaro.

An mayar da Shaihu Umar wasan kwaikwayo a hannun Umaru Ladan da Dexter Lyndersay, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, an kuma gyara fim ɗin aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Ingilishi tun 1967. A duk wannan tafiya, labarin yana fitowa ne daga bakin Shaihu. Littafin da ba a rubuta ba tukuna shi ne na uwar: abin da ta tuna a hamada, abin da ta ci, waƙar da ta yi wa kanta, da harshen da ta yi addu'a da shi a gidan ubangidanta. Marubutanmu na yau, musamman mata da suka cika kafofin intanet da labarai, ba sai sun je Ber Kufa nemanta ba. Tana zaune a wani kango a bayan garin Gusau, da ƙullin kayanta, tana ƙirga damina nawa ke nan ba ta ga gonarta ba.