Uku cikin biyar sun isa

Wata al'ada ta shigo wa masu bincike a 'yan shekarun nan, ɗalibai da malamansu duka. A buɗe waya, a rubuta wa manhaja doguwar tambaya kamar ana hira da mutum, ita kuma ta dawo da amsa a dunƙule. An daina tambayar wace takarda ce ta ƙunshi wace kalma. Masu tallar wannan fasaha suna cewa yanzu na'ura ma'ana take bi. Ni kam ban yarda a yi wa tsohuwar hanya jana'iza ba tukuna, musamman wani reshe nata da ba a cika koya wa kowa ba: ka ba injin bincike kalmomi biyar, ka ce kada ya kawo maka takarda sai wadda aƙalla uku daga cikinsu suka fito a cikinta, harafi da harafi.

Aikin ba shi da wani siddabaru. Injin bincike ba ya karanta takardu a lokacin da ka tambaye shi, ya riga ya yi musu fihirisa tun da farko. Kowace kalma tana da layinta, a gabanta an jera lambobin takardun da ta fito a ciki. Idan ka ba shi kalmomi biyar, sai ya ɗauko layuka biyar ya ƙirga sau nawa kowace lamba ta bayyana. Ka ce duka biyar kake so, ya zubar da mai huɗu. Ka ce ko ɗaya ta wadatar, ya kwaso maka komai. Yawancin mutane waɗannan biyun kaɗai suka sani, alhali tsakaninsu akwai fili. Injinan bincike na Solr da Elasticsearch, waɗanda aka gina a kan Lucene na Doug Cutting, kuma ɗakunan karatu da yawa a duniya suke aiki da su, dukansu suna da wurin da ake sa wannan adadi, ko a lamba ko a kaso cikin ɗari. Mai son ya yi hakan da hannu, da "da" da "ko", sai ya rubuta haɗi goma kafin ya ƙare uku-uku na kalmomi biyar. Injin kuwa lamba ɗaya yake nema.

A ce ɗaliba tana neman tarihin cinikin gyaɗa a ƙasar Babura. Ta zaɓi Babura, gyaɗa, kasuwa, hakimi, Jigawa. Idan ta dage sai duka biyar, ta yi asarar duk abin da aka rubuta kafin 27 ga Agusta 1991, domin kafin ranar babu Jihar Jigawa, Babura a Jihar Kano take. Ta kuma yi asarar duk wanda ya buga "gyada" don allon rubutunsa ba shi da ɗ, da wanda ya rubuta "kasuwar" ko "kasuwanni", tunda a wurin inji mai bin harafi waɗannan kalmomi ne dabam. Idan kuma ta sassauta ta ce ɗaya ta isa, abin da zai fara tarbarta shi ne labarin 'yan acaba da farashin babura, don sunan garin da jam'in babur rubutunsu ɗaya. Mai neman garin Gwiwa haka zai sha maganin ciwon gwiwa. Amma ta ce uku: takardar 1970 mai Babura da hakimi da kasuwa ta shigo, tallar babur ta tsaya a waje.

Haka ake cigiyar akuya. Mai ita zai ce ja ce, da tsagar kunne, da farin goshi, da igiya shuɗiya, tana ɗingishi. Igiya tana iya tsinkewa, ɗingishi yana iya warkewa, amma wanda ya ga alama uku ya san ya kamata ya aika a zo a duba.

Abin da ya sa na fi dagewa a kan wannan ga Hausa shi ne rubutunmu bai zauna wuri ɗaya ba. Wanda ya kafa masarautar Kazaure, wanda ya yi ta fafatawa da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, za ka same shi a matsayin Dan Tunku, Dantunku ko Ɗantunku, gwargwadon wanda ya riƙe alƙalami. Ƙetare iyaka kaɗan daga Babura, a Nijar, ana rubuta ƴ inda mu muke rubuta 'y. Tsofaffin jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, idan aka ɗauki hotonsu aka sa kwamfuta ta karanta, haruffa masu lanƙwasa su ne suke fara shan wahala. Turanci ya samu dabarar Martin Porter tun 1980, wadda take datse wutsiyar kalma ta mayar da ita tushenta. Wannan dabara ba za ta kai ka daga "sarakuna" zuwa "sarki" ba. To a irin wannan hali, neman a cika duka sharuɗɗa zalunci ne ga takardar, kuma mai binciken zai tashi yana cewa ba a rubuta komai ba.

Malaman hadisi sun daɗe da sanin wannan, tun kafin kwamfuta. Hadisi ɗaya yana zuwa da lafuzza mabambanta a riwayoyi. Babban fihirisar lafuzzan hadisi da A. J. Wensinck ya fara, wanda juzu'insa na farko ya fito a Leiden a 1936 na bakwai kuma a 1969, ya tattara littattafai tara, kuma mai aiki da shi yakan zaɓi kalmar da ba ta cika yawo ba, in bai samu ba ya koma wata. Wanda yake buɗe manhajar Maktaba Shamila a yau ya liƙa dukan jimlar da ya haddace, ya ga babu sakamako, ya yanke cewa hadisin ba shi da asali, ya yi gaggawa. Watakila kalma ɗaya ce ta saɓa.

Hanyar tana da raunin da ba zan ɓoye ba. Ƙirge take yi, ba ta auna nauyi: a wurinta "Dantunku" da "gari" kowanne ɗaya ne. Maganinsa a wajabta kalma guda, a ce Babura dole, sauran huɗun a samu biyu. Sannan idan ba ka san kalmar da marubuci ya yi amfani da ita ba kwata-kwata, binciken ma'ana zai fi taimakonka, wannan gaskiya ne.

Sai dai akwai abin da binciken ma'ana ba ya ba ka, wato dalili. Idan takarda ta fito, ba ka san me ya fito da ita ba. Idan ba ta fito ba, ba ka san ko babu ita ba ne ko injin ne ya ga ba ta dace ba. Ko Google ma yakan jefar da ɗaya daga kalmominka ya nuna maka ita a ƙasa da layi a kanta, shi ya sa a 2011 ya ƙara zaɓin Verbatim don masu son a bi abin da suka rubuta. Da ƙa'idar uku cikin biyar kuwa, ɗaliba za ta iya rubuta a babin hanyoyin bincikenta cewa ga kalmomin, ga adadin, ga rumbun, kuma malamin da ke duba ta ya maimaita ya samu abin da ta samu.

Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Babura, wadda aka kafa a 2021, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure za su yi ta tara kundayen ɗalibai shekara bayan shekara. Duk wanda aka ba aikin gina musu rumbun bincike, roƙona gare shi ƙarami ne: kusa da akwatin rubuta kalmomi, ya bar wani ɗan akwati inda mai nema zai sa adadin da kansa, ya kuma sa injin ya ɗauki ɗ da d, ƙ da k, ɓ da b a matsayin abu ɗaya sai in an ce masa ya bambanta.